Yadda na samu aikin injiniya a tashar nukiliya, daga Kakuri zuwa Kanada

Tunda nazo hutu Kaduna tambaya ɗaya ake ta min, a majalisa, a ƙofar masallaci, har wajen mai shayi: wai ya akai ɗan Tudun Wada da ya karanta makanikal ya samu aiki a tashar nukiliya, kuma waye ya tsaya maka? To wallahi babu wani babban mutum a cikin labarin nan. Hanya ce dai mai tsawo, kuma inda na zaci zan sha wuya ba nan na sha ba. Bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta sabida bakina ya gaji.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani, Najeriya bata da tashar nukiliya mai bada wutar lantarki, ko guda ɗaya. Duk wanda yace maka zai samo maka aiki a irinta a ƙasar nan ka riƙe aljihunka. Abinda muke dashi ƙaramin riyakto ne na bincike, wato tukunyar da yuraniyom ke fidda zafi a cikinta, a cibiyar binciken makamashi ta CERT dake ABU Zariya, sunansa NIRR-1, ƙirar Sin, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne kacal, kuma ba wuta yake badawa ba, gwajin ƙasa da ma'adinai da abinci ake yi dashi a gano sinadaran dake ciki. A 2018 aka canza masa mai, aka cire yuraniyom mai ƙarfin da ake tsoron ya faɗa hannun ɓata gari aka maida shi Sin. An daɗe ana maganar gina tasha a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom, har yarjejeniya aka sa wa hannu da kamfanin nukiliya na Rasha, Rosatom, a 2017, amma har yau magana ce. A duk Afirka Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke aiki tun 1984, sai ta El Dabaa da Masar ta fara ginawa a 2022. Kaga kenan in tasha kake so dole ka fita waje.

Ni a Samaru nayi digiri, kuma wani malaminmu ne ya kai mu CERT ziyara muna aji huɗu, daga nan abun ya shiga raina. Amma shiga rai daban, abinci daban. Bayan bautar ƙasa sai na samu aiki a wata masana'anta a Kakuri, ina kula da tukunyar tururi da famfuna da kwamfuresa, albashi ba yabo ba fallasa, kullum hannu cikin baƙin mai. A lokacin gani nake ina ɓata shekaruna ne kawai. Ashe wannan aikin ne zai shigar dani, ba digirin da na haye teku na ƙaro ba.

A 2021 na tafi mastas a Ontario Tech dake garin Oshawa a Kanada. Na zaɓi wajen ne sabida suna da sashen injiniyancin nukiliya kuma tashoshi biyu ne suka sa garin a tsakiya, Pickering ta yamma Darlington ta gabas. Kuɗi kuwa, filin da marigayi Baba ya bar mana a Rigachikun aka sayar da yardar Umma da yayyena, sauran na cike da tallafin da malamin da ke duba bincikena ya samo min da ɗan aikin taya koyarwa. In zaka iya ka nemi mastas na bincike maimakon na zallan kwas, shi ne yafi zuwa da tallafi. Kuma tun 2024 Kanada ta rage yawan bizar ɗalibai, ba kamar lokacinmu bane, ka bincika sosai kafin a sayar da filin kowa.

Dalilin da yasa ake ɗaukar mutane a can a fili yake. Kusan rabin wutar lardin Ontariyo daga nukiliya take zuwa. Tashar Bruce dake bakin tafkin Huron tana da riyakto 8, ƙarfinta ya haura megawat 6,000, wato tasha ɗaya tafi abinda ake rabawa Najeriya gaba ɗaya a yawancin ranaku. Darlington tana da 4, kowanne ɗaya yafi madatsar Shiroro mai megawat 600 da ke kan kogin Kadunan nan namu. Kuma tun 2016 suke aikin sabunta tsofaffin riyakto ɗin, ana cire bututu ana sa sabbi, ga tsofaffin ma'aikata na ta ritaya. Aiki akwai, amma ba wai ana rabawa a bakin titi bane.

Ga abinda na so ace wani ya faɗa wa yaranmu tun suna makaranta. Yawancin injiniyoyin tashar nukiliya ba masana nukiliya bane. Masu lissafin abinda ke faruwa a cikin riyakto ƴan kaɗan ne. Sauran duk ƴan makanikal ne da lantarki da kemikal da sibil da masu na'urorin awo, sabida in ka cire riyakto ɗin gefe, abinda ya rage tasha ce ta tururi kamar Egbin ta Legas: zafi ya dafa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya juya janareta. Famfo ne da bawul da bututu dubbai, kuma kowanne yana buƙatar wanda ya san halinsa. Da na gane haka sai na sake rubuta CV ɗina gaba ɗaya, na sauko da maganar bincikena ƙasa na hau da aikin Kakuri sama, na rubuta irin famfunan da na gyara, matsin tukunyar da na kula da ita, yadda muke kulle layin wuta da kwaɗo kafin mu taɓa inji. Kafin nan na tura takardu wurare da dama, shiru kake ji ko kuma imel ɗin nan mai daɗin baki na mun gode amma. Bayan gyaran ne aka fara kirana.

Kiran da ya zama na gaske ya same ni ina Kaduna, nazo bikin ƙanwata cikin hunturun farkon 2024. Suka ce intabiyu ta bidiyo ƙarfe 9 na safe agogonsu, wato 3 na yamma a nan tunda lokacin sanyi awa shida ce tsakani. Gida kuwa cike da ƴan biki, ga masu kiɗan ƙwarya ga yara, ga wuta da ba'a san sanda za'a ɗauke ba. Sai wani abokina ya bani ofishinsa a kan Ahmadu Bello Way mai sola, na tanadi layi biyu na data ko ɗaya zai yi gardama, na rufe tagogi sabida hon ɗin masu keke napep da ƙurar hazo. Na faɗa musu tun farko cewa ina Najeriya kuma zasu iya jin kiran sallah kafin mu gama, suka ce ba komai, kuma sun ji ɗin.

Mutum uku ne, biyu injiniyoyi ɗaya ta sashen ma'aikata. Na kwana ina haddar yadda riyakto ɗin CANDU, wato ƙirar Kanada da tashoshin can ke amfani da ita, yake aiki, cewa yuraniyom na asali yake ci wanda ba'a tace ba, mai kashi 0.7 cikin ɗari na nau'in 235, shi yasa yake buƙatar ruwa mai nauyi (wani ruwa na musamman da ya ɗan fi na sha nauyi), cewa ana sa masa mai yana cikin aiki ba sai an kashe ba, cewa hanyoyin kashe shi na gaggawa biyu ne da basu dogara da juna ba, sanduna da ke faɗawa ciki da kuma sinadarin gadoliniyom da ake fesawa. Tambaya ɗaya tak suka min a kan duk wannan, wai in an kashe riyakto me yasa har yanzu ake buƙatar sanyaya shi. Nace sabida burbushin da ya rage a cikin man yana cigaba da fidda zafi, wajen kashi 6 zuwa 7 na ƙarfinsa a daidai lokacin da aka kashe, sannan ya dinga raguwa, kuma abinda ya ci Fukushima kenan a 2011, riyakto ɗin sun mutu lafiya lau amma ruwan teku ya cinye janaretocin da zasu juya famfunan sanyaya. Suka gyaɗa kai aka wuce. Sauran tambayoyin fasaha duk na Kakuri ne: famfo na ƙara kamar yana niƙa tsakuwa me kake zargi, me ke sa bututu ya buga in an rufe bawul da sauri, ya zaka gane na'urar musayar zafi ta fara toshewa.

Inda suka zauna suka ƙi tashi shi ne da suka ce in basu labarin ranar da na tsayar da aiki sabida tsaro alhali na sama dani baya so. Na basu labarin wata rana gab da sallah, oda ta yi yawa, bawul ɗin tsaro na tukunyar tururi ya fara tsiyaya yana buɗewa kafin lokacinsa, oga yace a ɗaure shi kawai a lallaɓa zuwa bayan sallah. Wanda ya san tukunya ya san wannan bawul ɗin shi ne abu na ƙarshe tsakaninka da fashewa. Nace oga kuyi haƙuri bazan iya ba, na rage wuta na kashe, na sha faɗa a gaban yara har da cewa ni ɗan boko ne mai tsoro. Suka dinga tono: wa ka fara faɗawa, ka rubuta a littafin aiki, da ya matsa maka me kace, da aka buɗe bawul ɗin me aka gani, in yau ne me zaka canza. Kusan rabin lokacin a nan ya tafi. Daga baya da na shiga ciki na gane dalili. Hatsarin Three Mile Island na Amurka a 1979 da bawul ɗaya ya girma, ya maƙale a buɗe, fitilar ɗakin kula ta sa ma'aikata suka ɗauka a rufe yake. Tun daga nan masana'antar take neman mutumin da in abu bai masa daidai ba zai tsaya ya tambaya, ko da kuwa shi ne ƙarami a ɗakin.

Kuma a nan ne nake ganin mu ƴan nan muke da matsala, ba ta ƙwaƙwalwa ba, ta tarbiyyar aiki. Mun taso muna alfahari da dabara, kuma da gaskiyarmu. Ka kai wa mutumin Panteka, kasuwar maƙeran Kaduna, fatin injin da ya ɓace a kasuwa shekara ashirin, ka je ka ci abinci ka dawo ka tarar ya ƙera maka, wani lokacin ma yafi na kamfani ƙwari. Wannan baiwar ita ke riƙe da masana'antunmu. To a tashar nukiliya ita ce zata sa a kore ka. Ko noti ɗaya zaka canza a kan na'urar tsaro sai yana da takardar da ta nuna inda aka narka ƙarfensa da wanda ya gwada shi, in babu irinsa a sito ba'a cewa ga wani mai kama dashi, sai injiniya ya zauna ya rubuta hujja wani ya duba wani ya sa hannu. In kaje intabiyu kana basu labarin yadda ka ɗaure inji da waya ya kai wata shida yana aiki, kai kana ganin bajinta kake nunawa, su kuwa sun riga sun ja layi a kan sunanka.

Bayan ƴan makonni suka turo takardar ɗauka, amma da sharaɗi: sai na tsallake binciken tsaro da gwajin lafiya. Nan ne fa aka sha dogon zama. Dokarsu bata barin kowa ya shiga cikin tasha shi kaɗai sai an tantance shi, kuma suna son tarihinka na shekara biyar baya ba tare da giɓi ba, duk gidan da ka zauna, duk aikin da kayi, duk ƙasar da ka taka, da wanda zai shaida. Ɗan can cikin sauƙi yake cikewa. Ni kuwa kusan rabin shekarun nan a Kaduna nayi su, kuma fom ɗin yana neman lambar gida da lambar akwatin unguwa, gidan hayar da na zauna a Kakuri kuwa kwatancensa shi ne bayan masallacin Juma'a kusa da mai faci. Sai da na nemo tsohon rasit ɗin haya a cikin akwatin Umma, na je wajen mai gidan, dattijo, nace Baba in Turawa sun kira ku don Allah ku ce kun sanni, yace to ɗana ni da bana jin Turanci, muka sa ɗansa ya zama shi zai amsa imel. Na yi takardar ƴan sanda ta shaidar rashin laifi da dangwalen yatsu, na karɓo wasiƙa daga masana'antar da na bari, abin dariya ogan nan da mukai rigima shi ya sa hannu kuma ya yabe ni a ciki. Akwai wata uku da na zauna ba aiki kafin tafiya, shi ma sai da na rubuta a fili cewa zaman gida nayi ina jiran biza. Shawarata a nan ɗaya ce, kar ka gyara kwanan wata don ya yi kyau, kar ka ɓoye tafiya ko da Umara ce ko zuwa Maraɗi ɗaurin aure. Giɓi ana iya bayaninsa, amma in suka kama abu biyu sun saɓa shikenan. Watanni aka ɗauka, ina can ina aikin sito da dare ina biyan haya, kullum Umma in mun yi waya sai tace har yanzu basu gama binciken naka ba, kai kuwa me ka yi musu haka?

Ita Umma dama tun farko hankalinta bai kwanta ba, a wajenta nukiliya bom ne, Hiroshima take ji a rediyo tun tana yarinya. Wanda ya fi bani aiki ma kawun yarinyar da zan aura ne, ya kira ni gefe yace ɗana an ce masu wannan aikin basa haihuwa, ka faɗa min gaskiya. Nace Kawu ku bani dama in muku bayani da lissafi. Ana auna rediyeshon, wato hasken nan mara ganuwa da abubuwa irin su yuraniyom ke fitarwa, da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam, ko yana Rigasa ko yana Landan, yana shan wajen 2.4 a shekara a matsakaici daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci. Hoton ƙirji a asibiti wajen 0.1 ne. Dokar Kanada ta ce ma'aikacin nukiliya kar ya wuce 50 a shekara ɗaya, kar kuma ya wuce 100 a shekara biyar, kuma kowa yana rataye da na'urar da ke ƙirga abinda ya sha, ni da yawancin aikina a ofis ne da ɓangaren famfunan ruwan tafki ko kusa da iyakar bana zuwa. Man da ke cikin riyakto ɗinmu kuma ba irin na bom bane, ko tace shi ba'a yi ba. Yace to Allah ya tsare, amma naga sai da ya ji cewa abokan aikina suna da ƴaƴa har da masu tagwaye sannan ya saki fuska.

Sai maganar gemu, wadda babu wanda ya taɓa gaya min. Akwai takunkumin numfashi da ake gwada maka ya zauna daf a fuska, kuma gashi yana hana shi kamawa, don haka ƙa'ida ita ce a aske inda robar zata taɓa. Ni kuwa tun ina aji biyu a jami'a ban sa reza a gemuna ba. Ban yi gardama da mai gwajin ba, na je wajen shugabana na masa bayani cewa addini ne, na tambaya ko akwai wata hanya. A wajenmu an samu, akwai hular da ke rufe kai gaba ɗaya ana turo mata iska, bata buƙatar kama fuska, sai dai akwai ayyukan da ba zan shiga da ita ba, kuma na yarda da hakan. In kai mai gemu ne ka tada maganar da wuri cikin ladabi, kar ka bari sai ranar gwaji.

Watannin farko duk karatu ne da jarabawa, kuma faɗuwa tana da iyaka. Aka koya mana yadda ake magana: in an baka umarni ka maimaita shi da bakinka, wanda ya faɗa yace daidai ne, sannan ka taɓa komai. Takardar aiki layi layi ake binta kana yi kana sa alama, in layin bai dace da abinda ke gabanka ba baka tsallakewa, tsayawa zakai a kira wanda ya rubuta. In an buɗe bututu ko famfo, duk sifana da biro da zai shiga wajen sai an rubuta shi an ɗaure shi da igiya, a fito a ƙirga, sabida noti ɗaya da ya faɗa ciki zai iya zuwa ya huda man riyakto. In ka shiga ɓangaren ruwa mai nauyi kuma sai ka bada fitsari a auna tiritiyom, wani sinadari mai rediyeshon da ke taruwa a cikin ruwan. Fita kuwa sai na'ura ta duba hannunka da ƙafarka da jikinka ta yarda, in ta ƙi ko uban waye kai ka tsaya.

Ba Kanada ce kaɗai hanya ba. Rasha na bada gurbin karatun nukiliya ga ƴan Afirka a jami'o'i irin su Tomsk da MEPhI, Koriya ta Kudu tana da makarantar KINGS ta mastas a Ulsan, ƴan Koriyar ne kuma suka gina wa Daular Larabawa tashar Barakah mai riyakto 4 da megawat 5,600. Ƴan mata masu son mastas a fannin su duba tallafin Marie Curie da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ke bayarwa tun 2020. Wanda baya son fita kuma akwai hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa da hukumar NNRA mai sa ido, ga asibitocin da ke gashin cutar daji da kamfanonin mai, duk suna buƙatar wanda ya san kariya daga rediyeshon. Amma ko wacce zaka bi, in yanzu kana wata masana'anta a Kakuri ko Kudenda kana ganin kamar an manta da kai, ka fara ajiye rasit ɗin haya da takardun albashi da lambar wanda zai shaide ka, ka yi rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ka dinga rubuta gyaran da kayi da ranarsa.

Ni yanzu an bani wani rukunin famfunan ruwan sanyaya nake bibiya, ina duba girgizarsu da zafinsu ina rubuta rahoton lafiyarsu, kuma har yau duk lissafin da nayi sai wani babba ya duba ya sa hannu a ƙasan nawa kafin ya zama takarda. Lasisin injiniya na lardin shi nake nema yanzu, saura jarabawar doka da ɗa'ar aiki, da littafinta nazo hutun nan ma ban buɗe ba tukuna.